BABI NA HUƊU: Kiɗan Fada a Cikin Majami'a: Tarken Waƙoƙin Mas na Haydn da Mozart

4.0 Gabatarwa

A babi na uku an yi bayanin yadda waƙar fada take a masarautar Daura, da matsayin makaɗi a gaban ubangidansa, da kayan kiɗan da aka keɓe wa sarki. A wannan babi za a ɗauki wancan ma'auni a auna wasu waƙoƙi da suka fito daga wata nahiya, wato waƙoƙin ibadar Mas ta mabiya ɗariƙar Katolika, waɗanda Joseph Haydn (1732-1809) da Wolfgang Amadeus Mozart (1756-1791) suka tsara a ƙasar Ostiriya. Masana kiɗan Turai suna kiran wannan lokaci da sunan zamanin kilasikal, kuma sukan ƙiyasta shi daga wajen 1750 zuwa wajen 1820.

Mas ita ce babbar ibadar Katolika. A cikinta akwai sassa biyar da mataninsu ba ya canzawa, kuma su ne mawaƙa suka fi ɗora wa rauji. Akwai Kyrie, roƙon jinƙai. Da Gloria, yabo. Da Credo, furucin bangaskiya. Da Sanctus tare da Benedictus, tsarkakewa da yin maraba. Sai Agnus Dei, roƙon gafara da salama. Na farkon da harshen Girka yake, sauran kuwa da Latin.

Ana iya tambaya, me ya haɗa Daura da Biyana? Dalilai biyu ne. Na farko, ƙasar Daura tana cikin yankin Dayosis ɗin Katolika na Katsina, wanda aka ɓalle daga na Sakkwato a 2023, aka naɗa masa Gerald Mamman Musa, Bahaushe daga yankin Malumfashi, a matsayin bishop na farko. A wannan dayosis ana ibada da Hausa, amma tsarin muryoyi huɗu da ƙungiyoyin mawaƙan coci suka gada daga Turai ya zo. Na biyu, Haydn da Mozart makaɗan fada ne a cikakkiyar ma'anar da Bahaushe ya san kalmar. Ra'ayin wannan bincike shi ne, mai tsara waƙar Mas a wancan zamani bara ne mai iyayen gida biyu: wanda ake yi wa ibadar, da wanda yake biyan makaɗa. Darajar kowace waƙa ta danganta da wanda aka fifita a cikin su biyun, kuma hanyar ganewa ita ce a duba ko ana jin kalma ko ba a ji. Nazarin na adabi ne, bai shafi hukunta aƙidar kowa ba.

4.1 Makaɗi da Ubangidansa

Smith (1957) ya nuna cewa roƙo a ƙasar Hausa yana tabbatar da matsayin wanda ake yi wa waƙa a idon jama'a. Makaɗin fada yana da ubangida, ana ba shi riga da doki da hatsi, shi kuma ya kasance a shirye duk lokacin da aka neme shi. A Daura ba a bukatar dogon bayani a kan wannan, domin an san dangantakar Sarkin Daura Muhammadu Bashar (1966-2007) da Alhaji Musa Ɗankwairo, wanda ya yi masa waƙoƙi, da kuma Alhaji Mamman Shata, wanda a Daura aka binne shi a 1999.

Idan aka duba yarjejeniyar da Haydn ya sa wa hannu ranar 1 ga Mayu 1761 da Yarima Paul Anton na gidan Esterhazy, sai a ga kamar a wata fadar ƙasar Hausa aka rubuta ta. An shar'anta masa sanya tufafin barori na gidan. An ce ya riƙa bayyana kullum a zauren jira domin jin ko yarima yana son kiɗa. An ce ya tsara duk abin da aka umarce shi, kuma kada ya ba wani kwafin aikinsa ba da izini ba. Ya yi wa wannan gida hidima kusan dukkan sauran rayuwarsa. Manyan waƙoƙinsa na Mas guda shida, daga 1796 zuwa 1802, an neme su ne domin bikin ranar sunan Gimbiya Maria Hermenegild, matar Yarima Nikolaus na biyu, wanda ake yi a watan Satumba a garin Eisenstadt. Ke nan salsalar waɗannan waƙoƙi bikin gidan sarauta ce, ko da yake a majami'a aka rera su.

Lamarin Mozart ya fi haka sarƙaƙiya, domin ubangidansa a Salzburg, Hieronymus Colloredo, babban bishop ne kuma shi ne mai mulkin ƙasar tun daga 1772. Wato mutumin da yake jagorantar ibada shi ne kuma sarkin da ake yi wa kiɗa. A wata wasiƙa da Mozart ya aika wa mahaifinsa daga Biyana a 1781, ya koka cewa tare da masu dafa abinci da barorin ɗaki ake zaunar da shi wurin cin abinci. A wannan shekarar ya bar aikin bayan an kore shi da wulaƙanci. Makaɗin Hausa da ya ɓata da ubangida yakan yi ƙaura zuwa wata fada, wani lokaci ya bi baya da zambo. Mozart bai sami wata fada da wuri ba, kuma abin lura shi ne manyan ayyukan Mas biyu da ya soma bayan barinsa Salzburg, na 1782-1783 da waƙar jana'iza ta 1791, duk bai kammala su ba.

Amma akwai wani bambanci babba da ya kamata a riƙe tun daga nan. Makaɗin fada shi ne mai kalmominsa. Shi yake ƙulla ɗiyan waƙa, ya tsawaita wanda ya ga dama, ya saka sunan wanda ya yi masa kyauta, ya cire wanda ya hana. Mai tsara Mas ba shi da ikon ƙara kalma ɗaya. Turken waƙarsa, wato yabo da roƙo, an kafa shi tun ƙarnoni kafin a haife shi. Saboda haka duk fasaharsa ta koma ga rauji da kayan kiɗa da rabon muryoyi, kuma duk abin da yake so ya faɗa wa yarima dole ta nan zai bi.

4.2 Kakaki da Tambari

Ames da King (1971) sun bayyana kakaki da tambari a cikin kayan kiɗan da ba a yi wa kowa sai mai sarauta. Talaka, kome dukiyarsa, ba ya hayar kakaki don bikin 'yarsa. Wanda ya ji su a hawan salla ko hawan Gani a Daura ya san sarki ne ya fito, ko bai gan shi ba.

A Turai ma haka abin yake. Ƙahon ƙarfe mai kaifin murya da gangar timpani, wadda ƙirarta ta akushi ce kamar ta tambari, kayan fada ne da na yaƙi. Masu busa su da masu kaɗa su suna da ƙungiyar sana'a da sarkin daular ya ba gata na musamman. Idan aka ji su a cikin Mas, an san ranar babba ce kuma akwai babban mutum a zaune. Don haka mai sauraro na wancan zamani, in ya ji ƙaho ya tashi a farkon Gloria, saƙo biyu yake karɓa a lokaci ɗaya: ana ɗaukaka Allah, ana kuma sanar da cewa yarima yana nan.

Malaman addini ba su rasa gane wannan ba. A 1749 Fafaroma Benedict na 14 ya fitar da wata wasiƙa wadda ta yarda da ogan da kayan tsirkiya a majami'a matuƙar suna taimakon murya, amma ta ƙi ƙaho da ganga da sarewa, don a ganinsa sun fi dacewa da gidan wasan kwaikwayo. Ba da jimawa ba sosai, a wannan ɓangare na duniya, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Kitab al-Farq ya lissafa shagala da kiɗe-kiɗe cikin ɗabi'un sarakunan Haɓe, ya keɓe bugun ganga don wata manufa ta shari'a kamar tara runduna. Ba ana nufin addinan biyu sun zo ɗaya a kan hukuncin kiɗa ba. Abin da ake nunawa shi ne masu gyara a wurare biyun sun zargi ganga da laifi iri ɗaya, wato janye hankali daga ma'ana zuwa ga mai mulki. Kuma a wurare biyun ganga ba ta mutu ba. Tambura suna nan a fadojin ƙasar Hausa, a majami'un Ostiriya ma ƙaho da ganga ba su ɓace ba.

Duk da haka, a nan ne mai nazari ya ga ya kamata a yi wa Haydn adalci. A 1796, lokacin da rundunar Faransa ƙarƙashin Napoleon take fatattakar sojojin Ostiriya a arewacin Italiya, ya tsara wata Mas wadda shi da kansa ya yi wa laƙabi da Mas ta lokacin yaƙi. A sashenta na ƙarshe, muryoyi suna roƙon gafara a hankali, sai timpani ta shigo ita kaɗai, ƙasa-ƙasa, kamar amon da iska ta kwaso daga nesa. Tana tafiya tana ƙara ƙarfi, har ƙahoni su fashe da busar yaƙi, sannan mawaƙa su ɗaga murya da roƙon salama. A wannan wuri gangar ba ta yi wa yarima kirari ba. Ta kawo abin tsoron da ya sa ake roƙon har cikin majami'a, ta sa kalmar salama ta yi nauyin da ba ta da shi a ranar da babu yaƙi. Bahaushen da ya san cewa tambari yana magana, kuma ya san bugun naɗi daban yake da na kiran yaƙi, zai fi saurin fahimtar wannan sashe fiye da Baturen yau da yake jin sa a zauren kallo.

A 1798 kuma aka sami akasi. Yarima ya sallami masu busa kayan katako don rage kashe kuɗi, sai Haydn ya tsara Mas ɗin shekarar da kayan tsirkiya da ogan da ƙahoni uku da timpani kawai. Ita ce daga baya aka laƙaba wa sunan Nelson. Wannan ƙarancin kaya ya ba ta wata irin kaifin murya, musamman a ƙarshen Benedictus inda ƙahoni suke nanata sauti ɗaya. Aljihun ubangida ne ya yanke wa waƙar irin amonta.

4.3 Zubi da Tsari: Matsalar Jin Kalma

Wannan shi ne ƙashin bayan tarken. Sassan Mas ba su daidaita a tsawo ba. Kyrie kalmomi uku ne kawai ake juyawa. Gloria ta kai kimanin kalmomi 80, Credo kuwa kimanin 160. Mai tsarawa yana so kowane sashe ya sami tsawon da ya dace da kunne, saboda haka sai ya ja gajeren ya matse dogon. Duk matsalar daga nan ta taso.

Bugu da ƙari, akwai agogon ubangida. A wata wasiƙa ta 4 ga Satumba 1776 zuwa ga malamin kiɗa Padre Martini na Bologna, Mozart ya bayyana cewa a Salzburg ba a yarda Mas ta wuce minti 45 ba, ko da babban bishop ne da kansa yake jagoranta, kuma duk da haka ana son a ji ƙaho da ganga. Wato a taƙaita, amma kada a rage alfarma. Idan lokaci ya ƙure kuma ba a taɓa kayan sarauta ba, abin da zai sha matsa shi ne kalma.

Misali mafi fito da wannan fili yana cikin ƙaramar Mas da Haydn ya tsara wajen 1775 domin ɗakin ibadar wasu 'yan'uwa masu jinyar marasa lafiya a Eisenstadt. Gloria ɗinta awo 31 ce kacal, awo kuwa shi ne ɗan yankin da ake rarraba rubutaccen kiɗa da shi. Ana gama ta cikin kimanin minti ɗaya. Dabarar ita ce, an yanka matanin an raba wa muryoyi huɗu, kowace tana rera nata yankin a lokaci guda da sauran. An faɗi kowace kalma, amma babu kunnen da zai iya tsintar su. A kwatanta da a ce Ɗankwairo ya ɗauki ɗa na farko, 'yan amshinsa uku kowa ya ɗauki na biyu da na uku da na huɗu, su tashi tare su sauka tare. Babu basaraken da zai ba da ko hula a kan wannan, domin bai ji sunan kakansa ba. A waƙar fada ana yin karɓi da ƙari da rakiya, muryoyi suna hawa kan juna, amma duk suna bin zance ɗaya ne, kuma gindin waƙa yana dawowa don wanda bai ji ba ya ji. Mutanen wancan zamani ma sun ga aibin, shi ya sa ƙanensa Michael Haydn ya faɗaɗa wannan Gloria a 1795 don a iya amfani da ita a Salzburg. Abin mamaki kuma, a cikin wannan Mas da aka rowace wa Gloria lokaci, Benedictus mai 'yan kalmomi ita ce mafi tsawo, mace ɗaya tana rerawa ogan yana yi mata ado. Ta yi daɗi ƙwarai, amma rabon bai yi adalci ba.

Wani abin da yake nuna inda hankalin mai tsarawa yake shi ne, a Credo na Mas ɗin 1798 Haydn ya tsallake wasu jimloli gaba ɗaya. Ga waƙar da take furucin bangaskiya, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne.

Mozart ya fi iya zama da agogon Colloredo. Mas ɗin da ya kammala ranar 23 ga Maris 1779, wadda daga baya aka riƙa kira ta naɗin sarauta, ba ta cika rabin awa ba, kuma bai cakuɗa matanin ba. A Credo muryoyi huɗu suna tafiya tare gaɓa da gaɓa, kayan tsirkiya ne suke gudu a ƙarƙashinsu. Da aka zo kan zancen haihuwar Almasihu da gicciye shi, sai ya rage gudu ƙwarai, ya dusashe muryar gogen, ya ba mutum huɗu kawai. Ko wanda bai san Latin ba zai gane an iso wurin da ake so a tsaya a yi tunani. Haka kuma a ƙarshen Mas ɗin ya dawo da wani rauji na cikin Kyrie ya ɗora wa roƙon salama, kamar yadda makaɗi yake komawa gindin waƙa ya rufe. Wannan dabara ce mai kyau, domin ta ɗaure roƙon farko da na ƙarshe.

Inda masu tarke suka daɗe suna sa masa ido shi ne farkon Agnus Dei, inda mace ɗaya take rera wani rauji mai taushi. Shekara bakwai bayan haka, a wasan waƙa na Figaro na 1786, Mozart ya ba wata matar basarake rauji mai kama da wannan sosai tana kukan mijinta ya juya mata baya. Wasu suna ɗaukar wannan hujjar cewa waƙarsa ta ibada ta gidan wasa ce. Mai nazari bai gamsu da wannan hujja ba. Na majami'ar ne ya riga fitowa, kuma mata biyun roƙo suke yi daga zuciya mai rauni. Rauji ba ya da laifi don ya dace da roƙo iri biyu. A wannan sashe ana jin kowace kalma, kuma wannan shi ne ma'aunin da aka ɗauka.

Inda ma'aunin ya kama Mozart shi ne babbar Mas ɗin da ya soma a Biyana a 1782, aka rera wasu sassanta a Salzburg a watan Oktoba 1783. A nan ba shi da ubangida mai agogo, sai ya saki linzami. Sashen da yake zancen haihuwar Almasihu jimla ɗaya ce, amma ya kai kimanin minti takwas. Kusa da ƙarshe, mai rerawa tana riƙe wasali ɗaya tana kai da kawo da shi tare da sarewa da wasu kayan busa biyu, har murya ta zama kayan kiɗa na huɗu. Babu mai musun kyawunsa. Sai dai wanda aka zo saurare a wannan lokaci ita ce mai rerawar. Ke nan matsewa da ja duk wuri ɗaya suke kai mutum: a ɗaya kalma ta ɓace cikin cunkoso, a ɗaya ta narke cikin ado.

Waƙar da ta fi kowace cika ma'aunin nan gajeriya ce. A watan Yuni 1791, wata shida kafin rasuwarsa, Mozart ya tsara Ave verum corpus domin abokinsa Anton Stoll, shugaban mawaƙan wata majami'a a garin Baden kusa da Biyana. Awo 46 ce. Babu ƙaho, babu ganga, babu mai rerawa shi kaɗai. Umarnin da ya rubuta a kanta shi ne a rera da murya ƙasa-ƙasa. Muryoyi suna furta gaɓoɓi tare a mafi yawan waƙar, kuma inda aka zo zancen mashin da aka soka a haƙarƙari sai sautin ya karkata zuwa wani wuri mai duhu ya dawo. Babu basaraken da ya nemi wannan waƙa, mawaƙan ƙaramin gari aka yi wa ita.

4.4 Hukuncin Hukuma

Za a taƙaita a nan. A 1782 Colloredo ya umarci a riƙa rera waƙoƙi da Jamusanci don jama'a su sa baki. A 1783 Sarki Joseph na biyu ya taƙaita amfani da kayan kiɗa a majami'un Biyana, kuma Haydn bai tsara wata Mas ba daga 1782 har 1796. A 1903 Fafaroma Pius na 10 ya hana salon gidan wasa da ganguna da yawan maimaita kalmomi. Sai ranar 4 ga Disamba 1963, Babban Taron Batikan na Biyu ya fitar da kundin tsarin ibada, wanda ya buɗe ƙofa ga harsunan gida, ya nemi jama'a su shiga cikin waƙa da bakinsu, kuma a sashe na 119 ya ce a girmama kiɗan gargajiya na al'ummomin da ake kai wa bishara. Gangar da aka kora a 1749 da 1903 ta dawo ke nan, amma wannan karo daga hannun talakawa.

4.5 Idan Aka Ɗora wa Hausa

Limaman ɗariƙar Dominika daga Amurka sun karɓi yankin Sakkwato a 1953, yankin da ya haɗa da lardin Katsina, kuma aikinsu ya fi kama ƙasa a tsakanin Maguzawan Malumfashi da kewaye. Shekara goma kacal ke tsakanin zuwansu da kundin 1963. Saboda haka Bahaushen Katolika bai daɗe da Latin ba, kuma ba a raine shi da Mas ɗin Haydn mai ƙungiyar makaɗa ba. Abin da ya iso gare shi daga wancan gado shi ne ƙashin tsarin: muryoyi huɗu, sofarano da alto da teno da bas, waɗanda ake koya ta hanyar do-re-mi, kowace da hanyarta. Tambayar ita ce, shin harshen Hausa yana ɗaukar wannan kaya?

Latin ba ya bambanta ma'ana da karin sauti, kuma a yadda ake rera shi a majami'a tsawon wasali ba ya canza kalma. Mai tsarawa yana iya hawa ko sauka a kan kowace gaɓa, ya ja ta yadda ya so. Hausa ba haka take ba. Kalmar baba tana iya zama mahaifi ko mahaifiya ko shukar rini, gwargwadon hawa da saukar murya. Richards (1972) ya nazarci dangantakar karin sauti da rauji a wata waƙar Hausa, ya ga dangantakar tana nan ko da yake ba cikakkiya ba ce. Wato mawaƙin Hausa yana da 'yanci, amma 'yanci mai iyaka.

Ga misali daga cikin Mas kanta. Sunan sashe na biyar yana nufin ɗan rago. Rago, dabba, gaɓar farko ƙasa take ta biyu sama. Rago, malalaci, duka biyu sama suke. A tsarin muryoyi huɗu, idan sofarano ta hau daga gaɓar farko zuwa ta biyu, ƙa'idar Turai ta fi son bas ya sauka, alto kuwa sau da yawa yakan tsaya a sauti ɗaya. Ke nan murya ɗaya ta faɗi kalmar daidai, ɗaya ta kife ta, ɗaya kuma ta shimfiɗe ta har ta koma kusa da ɗaya kalmar. A karin harshen yamma, inda akan ce raggo ga malalaci, haɗarin ya ragu. Gaskiya ne mahallin zance yana tsare mai sauraro daga ruɗewa, babu wanda zai fita majami'a da wata fahimta daban. Amma kunne yana jin an murɗe kalmar, kuma yakan ji waƙar kamar baƙo ne yake magana.

Misali na biyu ya fi wannan nauyi, domin ya taɓa nahawu. Kusan duk roƙon da ke cikin Mas da sigar umarni ko fata yake zuwa a Hausa. A ɗauki ka gafarta. Idan ka gajere ne mai karin ƙasa, roƙo ne. Idan aka ja shi aka ɗaga, ya zama kaa, shuɗaɗɗen lokaci, wato labarin abin da ya riga ya faru. Salon Mozart na jan gaɓa ɗaya a kan sautuka da yawa, in aka ɗora shi a kan wannan ɗan lafazi, sai mai roƙo ya koma mai ba da labari. Haka ya zo yake: ya auku, ko ana fatan ya auku, ko zai yiwu ya auku, duk a rubutu ɗaya ne, murya ce take rabewa. Mai tsara waƙar ibada da Hausa ba shi da damar jan wakilin suna yadda ya ga dama. Wurin da Hausa take ba da damar ja shi ne dogon wasalin ƙarshen layi, kuma a nan ne makaɗan baka suke ja tun asali.

Wannan ne ya sa tsarin jagora da 'yan amshi, irin wanda ƙungiyoyin Zumuntar Mata suke amfani da shi da tulu da ganga da caki, ya fi zama daidai da harshen. Jagora yana bin karin maganarsa, jama'a suna karɓa da gindi wanda kowa ya haddace. Inda aka ƙara murya ta biyu, in ta bi ta farko sama da ƙasa a jere, karin sauti ba ya lalacewa. Irin wannan tafiya a jere, musamman in tazarar sauti biyar ce, ita ce littattafan koyon kiɗan Turai suke ɗauka kuskure. A Hausa kuwa ita ce take tsare ma'ana.

Akan kawo Missa Luba, wadda Fada Guido Haazen ya shirya da mawaƙan Kamina ta ƙasar Kwango a 1958, a matsayin abin koyi. Sai dai mataninta bai bar Latin ba, raujin gida kawai aka ɗora masa, don haka ba ta fuskanci matsalar da ake magana a kanta ba. Mai tsara waƙa a Dayosis ɗin Katsina aikinsa ya fi na Haazen wuya, musamman a kan Credo, wadda doguwa ce, ba ta da amshi, kuma ba a yarda a tsallake jimla ko a cakuɗa ta ba. Dabarar Mozart ta 1779 tana iya amfani a nan in aka juya ta: jama'a su tafi da murya ɗaya bisa karin maganar Hausa, ganga ta riƙe gudu a ƙasa, a rage gudun inda zancen ya yi nauyi, a bar rabon muryoyi sai a dogon wasalin da yake rufe kowane layi da kuma amin na ƙarshe.